Allurai a Cikin Madara

A rumfar da 'yan feshi suke ajiye kayansu, gab da bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani, nan Cornelius mai shagon maganin ƙwari ya zauna da Dattijo suka ƙulla magana. Dattijo shi ne Sarkin Feshi a wannan ɓangare na Kadawa. Duk gonar tumatirin da za a yi wa feshi, daga gada har iyakar Bunkure, da saninsa ake shigarta. Yau bai miƙa wa baƙon nasa tabarma ba. A kan wani kifaffen duro Cornelius ya ɗosana, hularsa a gwiwa.

"Koni, ba zan ɓoye maka ba," in ji Dattijo. "Jiya da la'asar ni da kaina na tare Musbahu, manomin tumatirin nan, a hanyar shagonka. Galan ɗin fetur ne a hannunsa, kuma ba wajen injinsa ya nufa ba."

"Na ji labari, Sarki."

"Labari ka ji. Ni idonsa na gani."

Abin da ya kawo wannan zama bai da tsawo. Zafi ya fara shigowa, tare da shi kuma Sharon ta sauka, wato 'yar tsutsar nan da ke shiga tsakiyar ganyen tumatir ta cinye shi daga ciki, a wayi gari gona ta yi fari kamar an babbake ta. Maganin da kowa ya dogara da shi wani farin ruwa ne mai kauri da manoma suka laƙaba wa suna Madara, kuma a shagon Cornelius ake sayensa. Bara ya yi aiki har ana yi masa kirari. Bana ana fesawa, Sharon tana cin abinta. Bakin abin feshi ya riƙa toshewa, in an kwance sai a tarar da waɗansu fararen allurai ƙanana masu ƙyalli, kamar an daka kwalba. Nan magana ta tashi cewa Koni ya haɗa maganin da garin gilashi don ya yi auki.

Cornelius ya zo Kadawa daga wajen Filato tun yana saurayi, a nan ya yi aure, a nan ya binne matarsa. Ya san mutanen nan, ya ci tuwonsu, sun ci nasa na Kirsimeti. Amma ya taɓa ganin yadda shago yake ci da wuta a wani gari, ya kuma san ba a tambayar shekarun da mutum ya yi a gari a irin wannan ranar.

"Ka ba ni lokaci," ya ce. "'Yata Veronica tana aiki a wani kamfanin haɗa magunguna a Kano. Aikinta ke nan, auna magani. Ta zo ta gwada a gaban kowa."

"'Yarka za ta gwada kayanka." Dattijo ya yi 'yar dariya ta hanci. "To, ga nawa. Ni zan shiga shagonka in zaɓi kwalba da hannuna. Ni zan faɗi inda za a yi gwajin. Zan riƙe maka yara har kasuwar Bunkure ta sake ci. In alluran nan suka fito a maganin da ba wanda ya taɓa, ka ba ni makullin shago, ka hau mota da kayan jikinka. Wannan ma sutura ce na yi maka."

"In ba su fito ba fa?"

"In tsaya a ƙofar masallaci ranar Juma'a in wanke ka da bakina."

Suka tafa. Hannun Dattijo a bushe, na Cornelius jiƙe sharkaf.

Washegari da hantsi Veronica ta sauka daga Keke Napep, da 'yar jaka a kafaɗa. A Kadawa aka haife ta, babu lungun da ba ta sani ba, amma tun daga bakin titi ta lura masu gaishe ta sun ragu. Ta shiga shago ta ja ƙofa, ta fito da wani ɗan madubi mai ƙara girman abu, ta zuba alluran da uban ya ajiye mata a kan murfin kwalba. Ta daɗe tana kallo.

"Daddy, wannan ba gilashi ba ne."

"Na gode wa Allah. To mene ne?"

"Ina jin maganin ne da kansa."

Ta ga bai gane ba, sai ta nuna masa buhunan taki da ke jingine da bango. Ta ce buhu ɗaya ne, amma ana iya jera shi a tsaye, ana iya jera shi a kwance. Jerin tsaye yana iya daɗewa in ba a taɓa shi ba, sai dai da ma a takure yake, kwanciya yake so. Haka ƙwayoyin magani suke. A kamfani suna fitowa ƙanana kamar garin alabo, masu saurin narkewa, su ne ke shiga ganye su kashe tsutsa. Amma akwai wani zama na biyu da ya fi musu daɗi, shi ne na allura. In suka koma shi ba sa narkewa sai kaɗan, sai su kwanta a gindin jarka su bar ruwa fayau.

"Ta yaya za a san wanne ya fi ƙarfi?"

"A haɗa su a kwalba ɗaya, a zafi ɗaya, a yi ta girgizawa. Wanda bai zaunu ba zai narke ya je ya hau jikin wanda ya zaunu. A ƙarshe ɗaya ne zai rage." Ta ɗago ta dubi rufin kwanon shagon, wanda tun hantsi ya fara huci. Ta rataye ma'aunin zafi a jikin kanta, ta jira, ta karanta, ta sake duban rufin.

"Faɗa mini, Vero."

"Wani lokaci zafi kaɗai yana juya shi, ba sai an haɗa da komai ba. In shagon nan ne ya juya shi, kwalbar za ta faɗa a gaban mutane. Ni ba ni da yadda zan rufe mata baki."

Da ma Cornelius yana riƙe da abu guda, cewa shi bai cuci kowa ba. Yanzu an ce masa mutum yana iya zama da gaskiyarsa rufin ɗakinsa ya ci amanarsa.

Dattijo ya zo bayan azahar da mutane a bayansa. Bai ɗauki kwalbar gaba ba, sai da ya sa aka sauke kwali na can ƙasa, ya zaro ta tsakiya, ya duba hatimin murfinta a rana. Ya ce a gonar Lukmanu za a yi. Lukmanu magidanci ne mai injin ban ruwa, mutum mai sanyin hali da ba ya cikin rigimar kowa, shi ya sa kowane ɓangare ya yarda da shi. Veronica ta ji daɗin zaɓin, domin injin nan yini yake yana karkarwa, ba sai an sa mai girgiza kwalba ba.

Da aka isa ta ce a kawo mata alluran, sabbi, daga inda suke taruwa. Dattijo ya yi nuni aka ɗauko uwa.

Sai an bayyana uwa, don a kanta labarin ya karye. Wata babbar jarka ce shuɗiya da ta koɗe a rana, wadda 'yan feshin Dattijo suke juye duk Madarar da manoma suka sayo a cikinta, daga nan kowa ya ɗiba ya tsinka a ruwa. Ba a taɓa bari ta ƙare, ba a kuma wanke ta. In ta yi ƙasa a ƙara sabo a kan tsoho. Dattijo yakan ce ko 'yar Fulani ba ta kafa nono sai ta bar ɗan na jiya a ƙwarya, sabon magani yaro ne, sai ya kwana da uwa yake koyon kisa. Yaransa sun yarda da wannan kamar karatu. Ko manomi ya sayi kwalba don kansa, sai ya biyo a ɗiga masa uwa kafin ya wuce gona.

Veronica ta leƙa cikin jarkar. Cornelius yana kallon fuskarta, ya ga ta kasa duban Dattijo. A nan ya gane abin da ta gane, sai tsoronsa ya zama biyu. In gwaji ya kama shi, ya bar gari. In ya wanke shi, to uwar Sarkin Feshi zai kama, a gaban yaransa. Bai san wanne ya fi haɗari ba.

Aka fasa hatimi. Ta zuba kashi ɗaya a wata sabuwar kwalbar gilashi ta ɗaura mata farin ƙyalle, ta ce wannan magani ne zalla. Ta zuba wani kashin a kwalba ta biyu, ta ɗebo laka-lakan gindin uwa da tsinke ta saka, ta ɗaura jan ƙyalle. Ragowar da ke cikin kwalbar kamfani kuwa Dattijo ya karɓe, ya murɗe murfin, ya naɗe shi da robar taya tamau, ya ce wannan tasa ce, shaida. Ya ɗaure ta a ƙarƙashin injin da hannunsa, inda sai an durƙusa ake ganinta. Aka ɗaure sauran biyun a jikin ƙarfen sama, da ma'aunin zafi a gefensu.

"Baba Dattijo," in ji Veronica, "kada kowa ya buɗe."

"Ke Baranika, ni za ki koya wa tsaron amana? Ina goye da abin feshi aka zo sunanki."

Aka yi dariya, amma ba da Cornelius ba. Lukmanu, wanda aka bar wa tsaron kwalaben, ya ja igiya, inji ya tashi, kwalabe suka fara rawa.

Kwanakin da suka biyo baya Cornelius bai ga mai saye ba. Yakan buɗe shago ya zauna, don rufewa kamar amsa laifi ne. Masu wucewa da kwandunan tumatir a babur sukan kau da kai. Mai shayin da ya saba aiko masa da kofi ya daina. Wata safiya ya tarar an jingina wani busasshen reshen tumatir a ƙofarsa, ganyen ya yi fari fat, ba a ce komai ba. Daga shagon ana jin ƙarar injin Lukmanu can nesa, kuma duk bugun da ya yi sai Cornelius ya ji kamar a ƙirjinsa ake yi. In injin ya tsaya a sha mai, sai ya miƙe tsaye ba tare da ya san dalili ba.

Ya ce wa Veronica ta koma Kano, in ranar ta zo ta dawo. Ta ƙi. Ya ce to ta riƙa kwana a Kura gidan ƙawarta. Ta ce, "Daddy, in na tafi za su ce gudu na yi da amsar." Kullum da rana tsaka takan je ta karanta ma'aunin zafi daga nesa, ba ta taɓa kwalba, Musbahu yana zaune a kan kunya yana kallonta. Gonarsa ce ke maƙwabtaka da ta Lukmanu, kuma rabinta ya riga ya tafi.

Ranar da kasuwar Bunkure ta ci, mutane da yawa ba su je ba. Tun hantsi bakin kanal ya cika, har da waɗanda ba su da ko kunya ɗaya ta tumatir. Cornelius ya sa rigarsa ta coci, makullin shago a aljihu. Ya lura an bar masa hanya ya shiga tsakiya, da ya shiga kuma hanyar ta rufe.

Lukmanu ya kashe inji.

Veronica ta kwance mai jan ƙyalle ta ɗaga ta a rana. Madarar ta rabu, sama ruwa tsararo, ƙasa allurai sun yi tuli, sun ninka abin da aka saka nesa ba kusa ba. Ta ce, "Kun ga ɗan abin da na saka da tsinke. Ba wanda ya ƙara gilashi a nan. Maganin ne ya bi su ya zama irinsu." Aka yi guna-guni. Waɗansu suka matso suna leƙe.

"Wannan mun san da ita," in ji Musbahu. "Ɗauko farar."

Ta kwance farin ƙyalle. Cornelius bai dubi kwalbar ba, hannun 'yarsa ya duba, ya ga ya tsaya cak a sama. Sannan ya duba. Ruwa a sama, allurai a ƙasa. Ba su kai na jar yawa ba, amma ga su nan suna ƙyalli, ko makaho ya girgiza zai ji su.

Bai ji abin da aka fara cewa ba. Ya dai ga bakuna suna motsi, ya ji ƙurar ƙafafu, ya ji wani ya taka masa takalmi daga baya bai ce yi haƙuri ba. Musbahu ya miƙe. Veronica tana cewa a tsaya, a bari ta duba da madubi, muryarta ta koma ta yarinya. Dattijo ya ɗaga hannu ɗaya ya tsayar da mutane, ya miƙo ɗayan, tafin a buɗe.

"Koni. Alkawari."

Cornelius ya sa hannu a aljihu. Makullin ya maƙale a zaren ɗinki, ya ja, ya ƙi fitowa. Abin da yake lissafawa kawai shi ne nisan da ke tsakaninsu da titi, da ko Veronica za ta iya gudu da irin takalmin da ke ƙafarta.

"Ni fa abin nan ya ɗaure mini kai."

Lukmanu ne ya yi magana, yana durƙushe a gefen injinsa yana goge hannu da tsumma. Ba da ƙarfi ya faɗa ba, kamar da kansa yake yi.

"Wallahi na zaci farar za ta fita. Har uwa na ɗiga mata."

Dattijo ya juyo a hankali. "Ka yi me?"

"Uwa, Sarki. 'Yar kaɗan, da kara." Lukmanu ya dubi fuskokin da suka juyo kansa, ya fara in-ina. "Na ga an ba jar, an hana farar. Na ce wannan ai ba adalci, yaya za a sa yaron magani ya yi kokawa ba uwa? Koni ya taɓa yi mini rana lokacin da matata ba ta da lafiya. Na ce bari in taimake shi ta yi ƙarfi. Washegarin da aka ɗaura na yi."

"Kawu Lukmanu," in ji Veronica, "ka taɓa ta ƙasan?"

"Ta Sarki? Wa zai taɓa ɗaurin Sarki?"

Musbahu ya ce wannan shiri ne, an saye Lukmanu. Amma ya faɗa shi kaɗai, don duk wanda ke wurin ya san in shi kansa aka bar wa tsaron kwalaben, da wuya bai yi abin da Lukmanu ya yi ba.

Dattijo ya daɗe a tsaye. Mutum ne da ya san inda magana za ta faɗi tun kafin a jefa ta, kuma ya ga inda wannan ta nufa. Yana iya cewa alkawari a kan farar kwalba aka yi, ya karɓi makulli, a watse. Cornelius ya ga wannan tunanin ya gifta a fuskarsa, ya ga ya tsaya, ya zauna. Sai dai idanu sun yi yawa, kuma kowa ya ga lokacin da ya ɗaure kwalbar da hannunsa yana kiranta shaida.

Ya durƙusa da kyar, ya kwanto ta. Robar tana nan yadda ya naɗa. Ya warware, ya murɗe murfin, ya karɓi murfin kwano daga hannun wata mai tallan gyaɗa ya tsiyaya. Madara ta zubo sumul, fara, mai kauri. Ya sa yatsa ya murza, ya sake murzawa. Ya tuntsurar da kwalbar gaba ɗaya ya bubbuga gindinta. Ya karɓi madubin Veronica ya kanga a ido, ko da yake bai san yadda ake riƙe shi ba. Babu allura ko ɗaya.

"Zafi ɗaya suka sha, girgiza ɗaya," in ji Veronica a hankali. Ta san sauran ba nata ba ne.

Duk idanu suka koma kan shuɗiyar jarka da ke zaune a inuwar dalbejiya. Cornelius bai saki makullin ba, domin a ganinsa yanzu ne ma abin zai iya juyewa.

Dattijo ya goge yatsansa a ƙasa, ya miƙe, ya gyara hula.

"Uwa ta kamu da cuta," ya ce. "Da ma tun farkon zafin nan nake jin nauyinta ya sauya, shi ya sa na yarda a yi gwaji. Ku haƙa rami nesa da kanal ku binne ta. Duk abin feshin da ya sha daga cikinta a kawo rumfata, ni zan tsaya a kan wankinsa." Ya juya ga Veronica. "Wanki zai fitar?"

"Da wuya, Baba. Ƙwaya ɗaya in ta maƙale ta isa. Kuma kada a ajiye magani a buɗe kusa da su."

"Kun ji abin da na ce ke nan," in ji Dattijo.

Ranar Juma'a ya cika alkawari. Ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce maganin Koni ba shi da laifi, ya sa takalmi ya wuce. Bai ambaci uwa ba, ba kuma wanda ya tambaye shi.

In za a faɗi wanda ya ci da wanda aka ci, to Sharon ce ta fi kowa ci, domin duk kwanakin da aka yi ana kallon kwalabe tana cikin ganye tana aikinta. Musbahu bai tsinki abin kirki ba, ya bar gonar ya koma lodi a injin casar shinkafa a Kura. Manoman can gefen Bunkure da ba sa hulɗa da uwa suka sami kasuwa irin wadda ba su taɓa gani ba. Dattijo ya rasa jarka, amma sarautarsa tana nan, har ƙaruwa ta yi, don yanzu labarin da ake bayarwa shi ne shi ya gano cutar. Lukmanu da ya ceci mutum cikin kuskure shi ya kwana a ciki, 'yan feshi suka ce ya ci amanar tsaro, har damina ta faɗi ba su ƙara shiga gonarsa ba. Veronica ta koma Kano da 'yan allurai a ƙulle, ta aika wa kamfanin maganin bayani, ba su amsa ba.

Cornelius ya tsira da shagonsa. Masu saye suka dawo, mai shayi ya ci gaba da aiko kofi kamar ba a yi komai ba. Ya sa aka yi wa rufin silin, ya hana a shigo masa da buɗaɗɗiyar kwalba ko da ta wane ce. Amma ya ga hannun Dattijo a buɗe, ya kuma ga su wane ne suka rufe hanya a bayansa, mutanen da ya sani da sunayen 'ya'yansu. Har yau in ya buɗe shago da safe, kafin ya share ƙofa, sai ya ɗauki kwalba ɗaya ya ɗaga ta a rana, ya kai kunne ya girgiza.